Ɗan'autan Zumuntar Laraba

Gumel, watan Safar, 1964

Zuwa ga Kaka Mailafiya, a Makka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da waɗanda kuke tare. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ruwa ya sauka, har an yi shuka.

Ba ka san ni ba, Kaka. Ni ce Safara'u, jikar Ɗaso, wadda kuke 'ya'yan wa da ƙane da ita. Kafin ta rasu takan ba mu labarin wani ɗan'uwanta da ya tafi Makka a ƙafa tun tana amarya, bai dawo ba. Wani alhajin garinmu ne ya ba ni adireshin shagon da ake kai maka wasiƙa. Ka yafe mini da ban neme ka ba sai da damuwa ta koro ni.

Maigidana Isa ya kai mahaifiyarsa, Inna Hure, aikin hajjin bana. A Muzdalifa, cikin turmutsutsun shiga mota, suka rabu. Ita wasu mutanen Maigatari suka tsince ta, suka riƙe ta har aka gama aiki, suka sako ta jirgi tare da su. Ta iso gida lafiya, sai dai da takalmi ƙafa ɗaya, na jar fata, wanda Isa ya ɗinka mata da hannunsa don wannan tafiya. Shi kuwa har yau shiru. Duk alhazan garinmu sun dawo, ba wanda ya ce ya gan shi, a raye ko a mace.

Ban san ko jira zan yi ba, ko takaba. Inna ta hana kowa ya ce mata Hajiya, wai sai ranar da ɗanta ya faɗa da bakinsa. Dogo ne, baƙi, ba shi da yawan magana. Don Allah, Kaka, ka sa a cigita.

Jikarka,
Safara'u

Makka, unguwar Mansur, watan Rabi'ul Awwal

Zuwa ga jikata Safara'u.

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi. Wasiƙarki ta same ni lafiya, in ban da gwiwa da ke tuna mini shekaruna kullum da asuba. Ashe ina da amarya a Gumel ban sani ba, har wani Isa ya riga ni! Allah ya ji ƙan Ɗaso. Rabona da jin sunanta a bakin wani har na manta. Na karanta takardarki a shagon Idris tela, na tafi da ita ɗaki na sake karantawa, don tunda nake a garin nan wani nawa bai taɓa rubuto mini ba.

Kin kawo kukanki inda ya dace. Muna da wata ƙungiya ta mu Hausawan da muka zauna a nan, sunanta Zumuntar Laraba. Kowace Laraba bayan la'asar mukan taru a bayan shagon Idris, mu shimfiɗa tabarma, mu sha shayi da na'ana'a, a raba ayyukan mako. Wasu su je asibiti duba marasa lafiyan da ba mai duba su. Wasu su cika wa tsofaffin mata randa a ribaɗi, wato gidajen sadaka da ake ajiye waɗanda ba su da kowa. In baƙo ya rasu ba dangi, Idris ya ɗinka likkafani, mu yi masa wanka, mu kai shi Harami a sallace shi, mu raka shi makwancinsa. Da can tabarma uku ba ta ɗaukarmu. Yanzu ɗaya ma da saura: Malam Tsoho shugabanmu, wanda ido ya yi wa nauyi, da Issoufou mutumin Damagaram mai sayar da tsire, da Idris haifaffen nan, wanda rabin maganarsa Larabci ne, sai ni. 'Ya'yan da aka haifa a nan ƙwallo da rediyo sun ɗauke musu hankali, ba su zuwa.

Muna da ƙa'ida biyu. Ta farko, wanda duk ya zo ya zauna da mu ba a tambayarsa suna ko gari. Akasarinmu ba mu da iƙama, takardar izinin zama, kuma abin da ba ka sani ba jami'an jawazat, masu kama marasa takarda, ba za su tatsa daga bakinka ba. Ta biyu, in za a yi cigiya, suna da gari kawai ake faɗa. Sauran labari sirrin gidan mutane ne, ba a zazzage shi a kan tabarma. Haka na yi Larabar da ta wuce: na ce ana neman Isa mutumin Gumel, iyalinsa na cigiyarsa. Kowa ya ɗauka zai baza kunne.

Ga wani abin da zai ba ki dariya. A wurinmu wanda ya shigo ƙarshe shi ne Ɗan'auta, shi ke riƙe buta ya zuba wa kowa shayi, har sai wani ya shigo bayansa. Ni da furfurata na daɗe ina amsa sunan nan, don tun shigata ba wanda ya ƙara shiga. To bayan hajjin bana Allah ya 'yanta ni. Wani bawan Allah ya biyo mu jana'iza, ya biyo mu shago, ya zauna a bakin ƙofa. Na miƙa masa buta kafin ya sake shawara. Yanzu ina miƙe ƙafa kamar wani attajiri, a zuba mini.

Ki gaishe mini da mahaifiyar mijinki. Ki yi jira, kada ki yi takaba tukuna.

Kakanki,
Mailafiya

Gumel, watan Jimada Sani

Kaka,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka sannu da gwiwa. Mu nan lafiya, ana ta girbi, gero ya yi kyau.

Na karanta wa Inna labarin Zumuntarku, ta ce Allah ya saka muku. Ni kuwa har kishi na ji. Kai kana can nesa da gida amma kana da Larabarka. Ni ina tsakiyar dangi, amma ba wanda zan zauna da shi in faɗi abin da ke raina. In na shiga gidan biki sai mata su sassauta murya. Wasu na cewa ya sami Balarabiya ya yi zamansa, wasu na cewa motar da ta faɗi a hanyar Mina da shi a ciki. Kawuna Sabo ya fara maganar a je wurin alƙali a raba auren. Na ce a ba ni lokaci.

Abin da ya fi damuna Inna ce. Ta rage cin abinci. Kullum da yamma sai ta sa a fitar mata da tabarma zaure, ta zauna tana kallon hanya, takalmin nan ƙafa ɗaya a gefenta. Ta ce ita ta saki hannunsa don ta gyara mayafi, ita ta ɓatar da shi.

Ba wani labari har yanzu?

Safara'u

Makka, watan Rajab

Amaryata Safara'u,

Salamu alaikum. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, zazzaɓi ne ya kayar da ni, amma na tashi, alhamdu lillahi. Ina fata kuna lafiya.

Labarin Isa dai har yanzu babu. Issoufou ya tambayi masu zuwa cin tsire daga unguwar Jarwal. Idris ya je Jidda sayen yadi ya cigita a can. Kowace Laraba ina maimaita cigiyar, har Malam Tsoho ya haddace ta, yana riga ni faɗa.

Kada ki yi kishin Larabata. Rana ɗaya ce a mako, sauran shida ni da bango ne. Ɗakina a saman tudu yake, na kwano da katako, in na rufe ƙofa ba mai ƙwanƙwasawa. Na taɓa yin aure a nan, ta rasu, ba mu haihu ba. Abin da na fi tsoro a duniya shi ne in mutu ranar Alhamis, ba a sani ba sai Laraba ta zagayo.

Amma wannan ciwon bai same ni ni kaɗai ba. Da Ɗan'auta ya ga ban zo shago ba, ya zuba shayina a kofi, ya rufe da faranti, ya hawo tudun da shi. Tun daga ranar bai bar ni ba. Shi ke sayo mini kunu wurin wata maƙwabciyata Ummulkhairi, shi ke ɗebo ruwa. Da na ji sauƙi na ce ya koma inda yake kwana, ya ce ai a baranda yake kwana, sai na ce to ga rabin ɗaki. Yanzu in na yi tari akwai mai ce mini sannu. Ba ki san daɗin wannan ba sai kin rasa.

Mutum ne mai ban mamaki. Ya tara gemu, ya rame, magana sai an matsa. In ana hira a shago sai ya jawo takalman mutane ya yi ta gyara, ba wanda ya sa shi, da hagu yake riƙe basilla. Aikin asibiti da na ribaɗi kuwa ba ya bari kowa ya riga shi. Duk tsohuwar da ya gani sai ya durƙusa ya gaishe ta, amma ƙafarta yake fara duba kafin fuska. Issoufou na tsokanarsa wai tsohuwa yake nema ya aura. Ran nan ina neman ashana na ɗaga jakarsa, sai ga takalmin mace ƙafa ɗaya a naɗe cikin tsumma. Na mayar ban ce komai ba. Ƙa'ida ƙa'ida ce.

Ki ce wa kawunki Sabo ya dakata. Ki lallashi tsohuwa ta ci abinci.

Mailafiya

Gumel, watan Sha'aban

Kaka!

Ina gaisuwa.

Kaka, ka karanta wasiƙata ta farko kuwa, ko sunan Ɗaso kawai ka gani a ciki? Takalmi ƙafa ɗaya! Ɗaya ƙafar tana nan zauren gidanmu. Isa bahago ne, baduku ne ɗan baduku, bai taɓa ganin takalmi ya tsinke ya wuce shi ba. Mijina ne ke zuba muku shayi. Mijina ne ke kwana a ɗakinka.

Na kwana ina tunanin me ya sa yake jin ana cigiyarsa kowane mako ya yi shiru. Da farko raina ya ɓaci. Daga baya na gane. Suna da gari kawai kuke faɗa. Ba wanda ya gaya masa Inna ta dawo. Yana can yana duba ƙafafun tsofaffi yana neman ta, ita tana nan tana kallon hanya tana neman sa. Na san halinsa, ba zai taɓa tako garin nan ba yana ganin ya bar uwarsa a jeji.

Don girman Ɗakin da kake kusa da shi, ka gaya masa yau. Ka ce Inna tana gida, da ranta. Ban faɗa mata ba tukuna, ina tsoron in ɗaga mata rai a banza. Ina jiran amsarka.

Safara'u

Gumel, bayan ƙaramar salla

Kaka Mailafiya,

Barka da salla. Ina fata kun sha ruwa lafiya.

Azumi ya zo ya wuce, ba amsa. Kullum sai na aika gidan waya, a ce babu. Na yi ta juya shirun nan naka. Ko dai ciwon ne ya dawo maka? Ko jawazat sun kama shi? Ko kuwa ka gaya masa, ya ce ba ya so, kana jin nauyin rubuto mini? In ya yi aure ne ka faɗa mini, zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne shiru.

Inna ba ta iya fita zaure yanzu, a ɗaki take. Ta sa an juya mata gado ya kalli ƙofa. Kunu cokali biyu ta ce ya isa. In ƙa'idarku ce ta ɗaure maka baki, to ka sani ƙa'idar nan tana kashe wata tsohuwa a Gumel.

Ka yafe mini kaushin harshe. Ba ni da wanda zan yi wa sai kai.

Safara'u

Makka, watan Zulƙida

Jikata,

Salamu alaikum. Lafiyata ƙalau, shi ma lafiyarsa ƙalau. Bai yi aure ba, ba a kama shi ba. Ki fara gaya wa tsohuwa wannan kafin ki ƙarasa karatu.

Wasiƙarki ta Sha'aban ta iso a kan lokaci. Ni ne na yi nauyi. Na ce wa kaina ƙa'ida ce, ba a tone mutum. Amma gaskiya ita ce bana ne karo na farko cikin shekaru masu yawa da na yi buɗa-baki da wani a ɗakina, kuma na san in na buɗe baki zai tafi. Kullum sai in ce gobe. Da takardarki ta biyu ta zo na karanta maganar gadon da aka juya, kunya ta rufe ni.

Larabar nan da ta wuce muka taru kamar kullum. Aka raba aiki, aka zo cigiya. Ɗan'auta na durƙushe yana zuba shayi. Ban dube shi ba, bango na kalla, na ce, "Ana neman Isa mutumin Gumel."

Malam Tsoho ya ce, "Mun ji. Allah ya bayyana shi."

Na ce, "Ban gama ba."

Ya ce, "Mailafiya, suna da gari."

Na ce, "Yau zan ƙara, Malam, in ya so ku kore ni. Mahaifiyarsa Hure mutanen Maigatari sun tsince ta a Muzdalifa, sun kai ta gida tun bara. Tana Gumel da ranta, da takalminta ƙafa ɗaya. Ba ta da lafiya, ɗanta take jira."

Wuri ya yi tsit. Sai ƙarar shayi da ya cika kofi, ya cika faranti, ya gangaro kan tabarma. Idris ya janye ƙafa ya ce, "Esh hada, mene ne haka, ya Ɗan'auta? Shayi na zuba!"

Malam Tsoho, wanda ba ya gani sosai amma ya fi mu duka ji, ya ce, "Khalas, Idris. Ƙyale shi."

Ɗan'auta ya ajiye butar. Ya ce mini, "Baba, maimaita." Na maimaita. Ya ce, "Da ranta?" Na ce da ranta. Sai ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba, mu kuma kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Da ya lafa ya ɗago ya ce, "Ni ne Isa."

Malam Tsoho ya ce, "Mu dai Ɗan'auta muka sani. Ƙarasa zuba mana, yana hucewa."

A hanyar gida ya ce mini kowace Laraba in na kira sunansa ji yake kamar ya amsa. "Amma Baba, da wane ido zan dubi mutanen gida? In tafi da uwata in dawo da takalminta?" Na gaya masa na riƙe labarin tun kafin azumi. Da muka hau tudu, sai ya kama hannuna a wurin wani dutse da nake yawan tuntuɓe da shi. Bai ce komai a kai ba har yau.

Idris yana da takardun ƙasa, shi zai raka shi ofishin alhazai a Jidda a gyara maganar komawarsa tare da alhazan bana. Ki ce wa tsohuwa ta ci abinci, ta jira bayan babbar salla.

Mailafiya

Gumel, watan Muharram, 1965

Kaka,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. Ya iso! Ranar kasuwa, da hantsi, a motar Kano. Ban gane shi ba sai da ya yi sallama.

Tun ranar da na karanta mata wasiƙarka Inna ta fara cin tuwo. Da ya shiga ɗakin ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya kasa ƙarasawa. Ya kwance tsumman nan ya tura mata takalmin. Ta jawo nata daga ƙarƙashin filo ta haɗa su, ta ce, "Ka daɗe." Ya ce, "Sannu da dawowa, Hajiya." Yanzu duk wanda ya ce mata Inna sai ta gyara masa.

Kawu Sabo ne ya fara zuwa yi masa barka, ko kunya babu.

Ban riƙe ka da komai ba, Kaka. Isa ya ba ni labarin ɗakinka da tudun nan. Ya ce in gaya maka ka riƙa bi ta hagun dutsen, kada ka bi ta dama. Mun yi shawara da shi da Hajiya: akwai ɗaki a gidan nan. Ka dawo gida, mu ma mu sami mai zolayarmu.

Jikarka,
Safara'u

Makka, watan Safar

Amaryata,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na karanta wa 'yan Zumunta wasiƙarki, ban da wurin kawunki. Issoufou ya ce ashe da gaske tsohuwa Isa yake nema. Lafiyata lau, gwiwa na nan yadda kika san ta.

Na gode da ɗakin. Amma Gumel ɗin da na sani duk tana ƙarƙashin ƙasa, kuma in na taho saura mutum uku a tabarma, in ɗayansu ya faɗi, biyu ba sa iya ɗaukar makara. A nan zan jira nawa.

Kafin Isa ya tafi ya gyara mana takalma duka, nawa har ƙafa biyu ya ɗinka sababbi. Ina bi ta hagun dutsen. Ɗakin ya yi mini girma, na mayar da shimfiɗata tsakiya amma bai cika ba.

Larabar farko bayan tafiyarsa muka zauna, ruwa ya tafasa, Malam Tsoho ya ce, "Ɗan'auta, shayi." Na juya ina kallon ƙofa. Da na waiwayo na ga ni suke kallo. Na tashi na ɗauki butata. Sai da na gama zubawa na ga kofi biyar na cika, mu huɗu. Na shanye biyun.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ki ci gaba da rubuto mini, ko da ba wanda ya ɓata.

Kakanki,
Ɗan'auta